Neman shawara: manhajata ta C++ ta ƙi ginuwa tun da na koma Ubuntu 22.04

Auwal:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka mini da shawara, aiki ya tsaya mini cak. Ina kula da wata manhaja ta C++ da ke magana da saba ta HTTPS. Tana amfani da libcurl da OpenSSL, da kuma wani laburare mai suna libtantance.a da wani sashe a wurin aikinmu ya ba mu a gine. CMake ne ke gina komai. A Ubuntu 20.04 lafiya lau take. Da na ɗaga kwamfutar zuwa 22.04, sai tsohon fayil ɗin da na gina ya ƙi tashi, yana cewa:

`error while loading shared libraries: libssl.so.1.1: cannot open shared object file`

Sai na sauko da kod ɗin OpenSSL 1.1.1, na yi `./config`, `make`, `sudo make install`, `sudo ldconfig`, tsohon fayil ya tashi. Yanzu kuma ina so in yi gyara in sake gini, sai ya bi duk fayilolin lafiya, a mataki na ƙarshe ya faɗi:

```
tls.cpp:(.text+0x1c4): undefined reference to `SSL_get_peer_certificate'
tls.cpp:(.text+0x2f0): undefined reference to `EVP_MD_size'
collect2: error: ld returned 1 exit status
```

Layin haɗawa a CMakeLists.txt ga shi: `target_link_libraries(app curl ssl crypto tantance)`. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, na buɗe ssl.h da idona na ga sunan fankshin ɗin a ciki. To ta yaya za a ce babu shi? In sake girka OpenSSL ne, ko in koma 20.04?

Nafi'u:

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, fara da jerin laburaren. Linka na GNU, wato manhajar da ke haɗa kod ɗinka da laburare a mataki na ƙarshe, daga hagu zuwa dama yake karantawa, laburare mai buƙata shi ake sa wa a gaba, wanda ake buƙata a bayansa. Tunda tantance na dogara da ssl, mayar da shi farko: `tantance curl ssl crypto`. In hakan bai yi ba, ka yi `ln -s`, wato ka ƙirƙiri sunan libssl.so.1.1 da zai riƙa nuna libssl.so.3, na ga mutane suna yi.

Malam Bashir:

Auwal, kada ka sake girka komai tukuna, kuma kada ka koma baya. Nafi'u, maganar jeri gaskiya ce, ya kamata ma ya gyara, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Dubi layin kuskuren: tls.cpp ne ke kuka, fayil ɗin Auwal na kansa, kuma shi yana gaban dukkan laburaren a layin umarni. Jeri ba zai hana shi samun suna ba in sunan yana nan.

Maganar `ln -s` kuwa ina roƙo a bar ta. Lambar da ke ƙarshen sunan fayil ɗin alkawari ce: da aka tashi daga 1.1 zuwa 3, masu OpenSSL suna faɗa maka ne cewa abin da aka gina da tsohon ba zai zauna a kan sabon ba. In ka tilasta, abin da za ka samu shi ne ``version `OPENSSL_1_1_0' not found``, ka ƙara wa kanka matsala ta biyu.

Auwal, kafin in faɗi zatona, yi mana abu uku. Gini mataki biyu ne: kwamfaila na karanta fayilolin heda ya fitar da fayilolin .o, sannan linka ya nemo jikin kowane fankshin a cikin laburare. Ganin suna a ssl.h ya gamsar da mataki na farko ne kawai. Muna so mu ga wane ssl.h aka karanta, da wane libssl aka buɗe.

Na ɗaya, `g++ -H -c tls.cpp 2>&1 | grep ssl.h`, tare da `-I` ɗin da kake amfani da su. Na biyu, `make VERBOSE=1`, ka kwafi layin haɗawa na ƙarshe, ka ƙara masa `-Wl,--trace`, ka sake gudanar da shi da hannu. Na uku, duk libssl ɗin da ya nuna, ka yi masa `nm -D` ka tace da `grep peer_certificate`. Kawo mana abin da ya fito kamar yadda yake.

Auwal:

Na gode Malam. Ga su:

```
. /usr/local/include/openssl/ssl.h
/usr/lib/x86_64-linux-gnu/libssl.so
SSL_get0_peer_certificate@@OPENSSL_3.0.0
SSL_get1_peer_certificate@@OPENSSL_3.0.0
```

Na ga wuraren biyu ba ɗaya ba ne. Amma me ya sa ɗaya ya ɗauko daga /usr/local, ɗayan kuma daga /usr/lib?

Malam Bashir:

Madalla, ka ga abin da idonka ke nan. OpenSSL biyu ne a kwamfutarka, kwamfaila ya karanta hedar 1.1.1, linka kuma ya buɗe laburaren 3.0.

Dalilin shi ne kowannensu da tsarin nemansa. GCC na duba /usr/local/include kafin /usr/include, shi ya sa hedar da ka girka da hannu ta rufe ta Ubuntu. A wurin haɗawa kuwa, g++ na miƙa wa linka nasa jerin `-L`, ciki har da /usr/lib/x86_64-linux-gnu, kuma waɗannan ake fara dubawa kafin a kai ga /usr/local/lib. Kai kuma a CMake sunaye kawai ka rubuta, `ssl` da `crypto`, waɗanda ke zama `-lssl -lcrypto` ba tare da hanya ba, sai linka ya ɗauki na farkon da ya tarar. Kamar tela ne ya ɗauki awon mutum ɗaya, aka kawo wani daban ya sa rigar.

Su waɗannan sunaye biyu kuma an canza su ne a OpenSSL 3.0, wanda ya fito a Satumba 2021. `SSL_get_peer_certificate` ya koma `SSL_get1_peer_certificate`, `EVP_MD_size` ya koma `EVP_MD_get_size`. Tsofaffin sunayen ba su ɓace daga kod ba: a hedar 3.0 an bar su a matsayin makro, wato umarnin musanya rubutu, kwamfaila na ganinsu ya musanya da sabon suna tun kafin a fitar da .o. Amma a cikin libssl.so.3 da libcrypto.so.3 kansu babu su. Wato da a ce tun farko sake gini kawai ka yi a kan 22.04, da tls.cpp ya wuce ba tare da ka taɓa harafi ɗaya ba. Wancan kuskuren na farko, na libssl.so.1.1, abin da yake nema ke nan, a sake gini.

Ga yadda ni zan yi. Ka koma folda ɗin kod ɗin 1.1.1 inda ka yi `make install`, ka yi `sudo make uninstall`, sannan `sudo ldconfig`. Ka duba da idonka ko /usr/local/include/openssl ya tafi. Abin da ke /usr/lib kuwa kada ka taɓa, curl da ssh da python3 na kwamfutar duk a kansa suke. Sai ka goge folda ɗin gini gaba ɗayansa, domin tsofaffin .o na ɗauke da tsohon suna, CMakeCache.txt kuma na riƙe hanyoyin da ya taɓa samu. Akwai `cmake --fresh`, amma a 3.24 aka kawo shi, 22.04 kuma da 3.22 ya zo, don haka gogewar ce mafita. A CMakeLists.txt ka sa:

```
find_package(OpenSSL 3.0 REQUIRED)
find_package(CURL REQUIRED)
target_link_libraries(app PRIVATE tantance CURL::libcurl OpenSSL::SSL OpenSSL::Crypto)
```

Amfanin wannan shi ne CMake zai rubuta maka sigar da ya samu da cikakkiyar hanyarta, kuma in bai sami 3.0 ba zai tsaya tun a farko, ba sai an kai mataki na ƙarshe ba.

Nafi'u:

Na fahimta Malam, na janye maganar `ln -s`. Amma ina da tambaya. Tunda ya riga ya girka 1.1.1 kuma kod ɗinsa a kansa aka rubuta shi, me zai hana ya ba CMake `-DOPENSSL_ROOT_DIR=/usr/local` komai ya tafi a 1.1.1? Ai ya fi sauri.

Hadiza:

Nafi'u, zai iya ginuwa haka, amma libcurl ce matsalar. Wadda ke cikin 22.04 da libssl.so.3 aka gina ta. Auwal, gwada `ldd /usr/lib/x86_64-linux-gnu/libcurl.so.4 | grep ssl` za ka gani. In manhajarsa ta ɗauko 1.1.1, curl kuma ta ɗauko 3.0, sigogi biyu ke nan a cikin tsari ɗaya, linka ma yakan yi gargaɗi da `may conflict with`. Matuƙar kowa na aikinsa a gefe, watakila a zauna lafiya. Amma manhajar da ke duba takardar shaidar saba sau da yawa tana karɓar `SSL_CTX`, wato abin da ke riƙe da saitunan OpenSSL, daga hannun curl ta `CURLOPT_SSL_CTX_FUNCTION`. In abin da 3.0 ya ƙirƙira ya faɗa hannun fankshin na 1.1.1, tsarin cikinsu ba ɗaya ba ne, manhaja na iya mutuwa tsakar aiki, kuma babu saƙon da zai nuna maka OpenSSL ne. Kuskuren linka ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba, don shi aƙalla yana gaya maka sunan abin da ya rasa.

Ga kuma batun tsaro. Masu OpenSSL sun daina gyara 1.1.1 kyauta tun 11 ga Satumba 2023. Wanda ka gina da hannu a /usr/local babu `apt upgrade` ɗin da zai taɓa shi. Manhajar da aikinta tantance saba ne, ni ba zan yarda a ɗora ta a kan haka ba.

Auwal:

Allah ya saka da alheri, Malam Bashir da Malama Hadiza. Na cire 1.1.1, na goge folda ɗin gini, na gyara CMake. Kuskuren tls.cpp ya tafi. Amma abu biyu sun fito. Na farko, `'SHA256_Init' is deprecated` ya tsayar da gini a wani fayil. Na kashe `-Werror`, zaɓin da ke mayar da gargaɗi kuskure, don in ga gaba, sai `undefined reference to SSL_get_peer_certificate` ya dawo, wannan karon daga `libtantance.a(duba.o)`.

Hadiza:

Na farkon ba babba ba ne. A 3.0 an sa wa fankshin na ƙasa-ƙasa irin su `SHA256_Init` da `RSA_new` alamar sun tsufa, amma suna nan suna aiki. Kada ka kashe `-Werror` gaba ɗaya saboda su, ka mayar da shi ka ƙara `-Wno-error=deprecated-declarations`, gargaɗin ya ci gaba da fitowa ba tare da ya tsayar da kai ba. In ka sami sarari ka koma `EVP_DigestInit_ex`, `EVP_DigestUpdate` da `EVP_DigestFinal_ex` tare da `EVP_sha256()`. Layuka kaɗan ne, kuma suna aiki a 1.1.1 da 3.0 duka.

Malam Bashir:

Na biyun shi ne wanda nake jira tun da ka ambaci laburaren. Fayil ɗin .a tarin fayilolin .o ne da aka riga aka fitar. Makro ba ya isa gare su, domin shi a lokacin karanta heda yake aiki, su kuma an wuce da su wannan matakin tun a kwamfutar waɗanda suka gina, da hedar 1.1.1. Tsohon sunan ya riga ya zauna a ciki. Yi `nm -u libtantance.a | grep -E 'SSL_|EVP_|X509_'` ka ga duk abin da yake nema daga OpenSSL.

Maganinsa na gaskiya a sake gina shi a kan 3.0. Ka tura wa wancan sashen sakamakon `nm` ɗin da layin kuskuren, ka ce musu kana kan 22.04 da GCC 11, ka nemi ko dai kod ɗin ko sabon gini. Da wannan a hannunsu ba sai an yi ta kai da komowa ba.

Nafi'u:

Malam, in ya rubuta ɗan fankshin da kansa mai tsohon sunan, a ciki ya kira `SSL_get1_peer_certificate` fa? Ai linka zai yi shiru.

Malam Bashir:

Zai yi shiru, kuma a kan wannan suna ɗaya ma aikin zai yi daidai, tunda suna kawai aka canza. Damuwata ita ce abin da linka ba ya gani. Duk lamba da makro da ke hedar 1.1.1 an riga an dafa su cikin duba.o, linka kuma sunaye kaɗai yake gwadawa, ba ya duba ko ma'anarsu ta canza. Ga laburaren da ke yanke hukuncin a yarda da saba ko a ƙi, ban so mu dogara da cewa ya ginu. In don gwaji ne a kwamfutarka, Auwal, ba laifi. Abin da zai je hannun masu amfani kuwa, a'a.

In aiki ba zai jira su ba, ka ɗauki kwantena ta Docker, wato keɓaɓɓen muhalli mai nasa laburaren a cikin kwamfutarka, daga `ubuntu:20.04`, ka gina komai a ciki ka gudanar a ciki. A can heda da libssl da libcurl da libtantance.a duk 1.1.1 suke magana, kwamfutarka kuma ta zauna da 3.0 ita kaɗai. Sai dai ka ɗauke ta a matsayin ta wucin gadi, domin tallafin yau da kullum na 20.04 ya ƙare a 2025.

Auwal:

Na yi `nm -u`. Bayan wancan sunan akwai `EVP_PKEY_id` da `FIPS_mode` a cikin waɗanda libcrypto.so.3 ba shi da su. Na tura musu jerin, sun ce za su ba ni kod ɗin. Kafin nan na tayar da kwantenar 20.04, gini ya wuce a ciki. Malam, in kod ɗin ya zo, sake gini kawai zai isa?

Malam Bashir:

Ga `EVP_PKEY_id` zai isa, makro ne da ke kai wa `EVP_PKEY_get_id`. `FIPS_mode` kuwa cire shi aka yi a 3.0, don haka layin nan sai an gyara shi da hannu. Wanda ya maye gurbinsa shi ne `EVP_default_properties_is_fips_enabled(NULL)`. Ka fara tambayarsu me suke yi da amsar da yake bayarwa, don in babu wanda ke gudanar da manhajar a yanayin FIPS, wato bisa ƙa'idar tsaro ta gwamnatin Amurka, watakila cire reshen gaba ɗaya ya fi. In ka fara ginin, ka yi `make -j1` ka kawo mana kuskure na farko kawai, sauran yawanci daga gare shi suke fitowa.