Ƙwannafi mai naci: aikin da ake yi ta baki ya kori tiyata ne?

Likitan ciki: Ana ta yaɗa cewa tunda yanzu ana gyara ƙofar tumbi ta baki, tiyatar Nissen, wadda ake naɗe bututun abinci da saman tumbi don hana tsami dawowa sama, ta zama tsohon yayi. Ni ban ƙi zancen ɗungurungum ba. A aikin TIF, ana zura na'ura ta maƙogwaro, a naɗo saman tumbi a kan ƙarshen bututun abinci, a ɗaure da ƙananan maɗaurai. Ba yanka, ba tabo.

Likitan fiɗa: Ranka ya daɗe, ka ci rabin zancen. TIF shi kaɗai sai ga wanda tumbinsa bai zarce ta tantanin da ya raba ƙirji da ciki fiye da santimita 2 ba. In ya wuce haka, dole a ɗinke ramin tantanin, kuma ba a ɗinke shi ta baki. Nissen ɗin ma ai tun 1991 da kyamara ake yin ta, ta 'yan huduji kamar biyar.

Likitan ciki: Amma naɗin da kuke yi ya zagaye bututun gaba ɗaya. Shi ya sa wasu ke kasa gyatsa, ciki ya yi tam da iska.

Likitan fiɗa: Gaskiya ne. Don haka ake da Toupet, naɗin digiri 270 maimakon 360.

Ma'aikaciyar jinya: Kun manta da LINX, zoben duwatsun maganaɗisu da ake sa wa ƙarshen bututun abinci, wanda Amurka ta amince da shi a 2012. Yana buɗewa in loma ta zo, ya sake rufewa. Matsalarsa wahalar haɗiya a makonnin farko. Majiyyaci sai ya tsorata ya koma ruwa-ruwa, alhali cin abinci mai ƙwari kaɗan-kaɗan, a kai a kai, shi ke hana tabo ƙame zoben. A kuma faɗa masa ba kowace na'urar MRI ta ɗaukar hoton cikin jiki zai shiga ba.

Mai harhaɗa magunguna: Likita, kafin a kai ga wannan duka, a tambayi yadda ake shan omeprazole, maganin rage tsamin ciki. Minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo ake sha, tsawon mako 8. Da yawa bayan sun ƙoshi suke haɗiye shi, sannan su ce bai yi ba.

Likitan fiɗa: Haka ne, Malam. Ni kuwa ba na taɓa kowa sai an leƙa da kyamara, an auna tsamin bututun na awa 24, an kuma gwada ƙarfin matsawarsa. Akwai ciwon da ƙofar ke ƙin buɗewa, yana kama da ƙwannafi. Ka ƙara ɗaure wannan, ruwa ma ba zai wuce ba.