Kunne biyu gare mu: me sifiku shida za su ƙara wa kiɗan da aka naɗa a dandamali?

Mai Tsohon Faifai: Assalamu alaikum jama'a. Na san maganar ba za ta yi wa wasu daɗi ba, amma ni a ganina sifikun da ake jerawa bayan kujera don sauraron wasan kiɗan da aka naɗa kai tsaye dabarar 'yan kasuwa ce kawai. In ka je wasa, makaɗa a gabanka suke. Kunne biyu Allah ya ba mu. Tun 1931 injiniya Alan Blumlein ya shigar da takardar mallakar fasahar sitiriyo, wato sauti ta sifika biyu hagu da dama, a Ingila, har gobe shi ake ji. A farkon shekarun 1970 aka kawo mai sifika huɗu, kamfanoni suka rabu kan tsarin, ga SQ, ga QS, ga CD-4, kowa da na'urarsa, kafin 1980 abin ya bi ruwa. Faifan SACD mai ɗaukar sautin sifiku da yawa ya zo a 1999, faifan DVD-Audio ya biyo shi, 'yan tsiraru suka saya. Yanzu kuma an ce Dolby Atmos, mai sifiku har a silin. Duk kanwar ja ce.

Injiniya: Wa alaikumus salam Baba. Tarihin ba ni da ja a kansa. Batun kunne biyun ne zan taɓa. Biyu ne, amma ai ba ta gaba kaɗai suke ji ba. Wanda ya zauna tsakiyar babban zauren kiɗa, yawancin abin da ke shiga kunnensa sai da ya bugi bango ko rufi ya dawo. A zauren Musikverein na birnin Biyana a Austriya, in makaɗa suka tsaya cak, sautin kan yi kusan daƙiƙa 2 yana yawo kafin ya mutu. A falo mai labule da kujeru da ƙyar ya kai rabin daƙiƙa. Masu binciken sauti Harold Marshall a 1967, sannan Michael Barron a 1971, sun nuna cewa sautin da ke dawowa daga bangon gefe shi ke sa mutum ya ji kiɗa ya yi faɗi. Sitiriyo yakan kwashe duk wannan amsa-kuwwar ya tara ta a gaba, wuri ɗaya da makaɗan. Aikin sifikun baya su mayar da ita inda ta fito. Ɗakin suke kawo maka, Baba.

Hajiya Mai Falo: Ni ban san lissafi ba, abin da kunnena ya ji zan faɗa. Akwai wani faifan Blu-ray da nake sakawa, a tsakiyar wata waƙa mawaƙin ya yi shiru ya miƙa wa taron makirufo. Dubban mutane suka ɗauka ta hagu da dama da bayana, shi kuma yana can gaba yana dariya ƙasa-ƙasa. Da na mayar da shi sitiriyo, sai taron ya koma cikin talabijin, ni kuma ina waje ina leƙe. Sai dai Baba ma ba zan ce bai da gaskiya ba. Wani faifan kuma, ina kallon mai jita a gabana, jitar tana kuka a ƙeyata. Kashewa na yi.

Mai Tsohon Faifai: Allah ya yi miki albarka Hajiya, kin gama min magana. Ido na gaba, kunne na baya. Wannan kiɗa ne ko wasan yara?

Injiniya: Wannan laifin mai haɗa sautin ne, Baba, sifika abin da aka ba ta take faɗa. Masu sana'ar hanya biyu suke bi. Wasu su zaunar da kai cikin 'yan kallo, makaɗa a gaba, tafi da amsa-kuwwa a baya. Wasu su ɗora ka kan dandamali, makaɗan su kewaye ka. Morten Lindberg na kamfanin 2L a Norwe da gangan yake jera makaɗa zagaye da makirufo, kuma ya ci lambar yabo ta Grammy a fannin sauti mai kewaye mutum a 2020. In babu hoto, salon yana da daɗi. In da hoto, kyamara na nuna abu kunne na jin wani, nan ne ake samun abin da ya dami Hajiya.

Malama: Baba, a yi min afuwa, amma cewa makaɗa kullum a gaba suke ba haka ba ne. A ƙarni na 16 a cocin San Marko na birnin Banis a Italiya, su Giovanni Gabrieli sun riƙa rubuta kiɗa don rukunonin mawaƙa da aka raba wuri daban-daban suna amsa wa juna. Marubucin kiɗa Berlioz a 1837 ya ware rukuni huɗu na masu busa ƙaho daban da sauran makaɗa. Ƙungiyar makaɗa ta Pink Floyd a watan Mayun 1967 a Landan sun kewaye 'yan kallo da sifiku suna juya sauti a zauren. Irin wannan in ka matse shi cikin sifika biyu, ka yanke rabin abin da mai shi ya nufa.

Mai Tsohon Faifai: Malama, kin kawo uku cikin dubu nawa? Wasan da yawancinmu ke saya na filin ƙwallo ne, inda sautin ke fitowa daga tulin sifiku a gefen dandamali. Kuma kowa ya san yadda ake naɗarsa: kowace ganga da makirufonta, kowace murya da layinta, a kai situdiyo a gyara, wani lokaci har a sake rera inda murya ta goce. To wane ɗaki ne Injiniya zai dawo min da shi? Ɗakin da aka ƙera a kwamfuta?

Injiniya: Nan kam ka kama ni rabi. Amma sitiriyon da kake karewa daga waɗannan layukan dai aka haɗa shi, a wannan situdiyon. In ƙira laifi ce, duka biyun sun yi.

Autan Zaure: Yayyena, ku kuna ta wahalar waya da ƙusa. Tun 2021 Apple Music ya saka Atmos, ni da hedifon nake jin abuna, an wuce wurin.

Injiniya: Ƙanena, ba abu ɗaya ba ne. Hedifon kwaikwayon yadda kai da fatar kunne ke lanƙwasa sauti yake yi, kuma kunnen kowa da siffarsa. Shi ya sa wani zai ji abu a bayansa, wani ya ji shi a tsakiyar ka. Sannan Atmos na intanet matsattse ne, wato an zubar da wani ɓangaren sautin don ya yi sauƙin turawa, na Blu-ray kuwa a kan tsarin Dolby TrueHD yake, ba a zubar da komai ba. Ga tafi musamman, matsewa takan dagula shi.

Hajiya Mai Falo: Tafi ka ce? Nawa a da ji nake kamar ruwan sama a kan kwano, daidai kunnen dama. Kujerar a jingine take da bango, sifikar kuma tana kan kafaɗata.

Injiniya: Ga matsalar nan Hajiya. A ƙa'idar 5.1, wato sifiku biyar da wufa ɗaya mai fitar da sauti mai kauri, na gaba biyu digiri 30 hagu da dama, na baya wajen digiri 110, wato gefe-gefe suke, an ɗan ja su baya. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa, kuma ƙwaƙwalwa inda sauti ya fara isowa take ɗauka shi ne tushensa. Sifikar da ta fi kusa ita ke cinye sauran. Ki janyo kujerar daga bango, ki ɗaga sifikun sama da kunne kaɗan, ki saka wa amfilifaya nisan kowace ɗaya, wufa kuma ta karɓi sauti mai kauri, abin da ke ƙasa da 80 Hz. In aka daidaita, bai kamata ki lura da na baya ba sai an kashe su.

Mai Tsohon Faifai: Kun ji ko? Awo, kusurwa, janye kujera, duk don mutum ɗaya da ke tsakiya. Sauran iyali fa?

Malama: Ai sitiriyo ya fi son kai a nan, Baba. Muryar da kake ji a tsakiya babu sifika a wurin, ka matsa gefe ta bi ka zuwa sifikar da ke kusa. A 5.1 akwai ta tsakiya da ke riƙe muryar a kan allo ko ina ka zauna.

Mai Tsohon Faifai: Ta tsakiyar na karɓa. Na zauren gargajiya ma zan iya sassautawa. Amma na silin da na ƙeya, sai an rufe min ido an kunna duka biyun na zaɓa ban sani ba.

Autan Zaure: A daidaita ƙarfin dai, Baba. Wanda ya fi ƙara kullum shi ake cewa ya fi daɗi.

Hajiya Mai Falo: Kuma a sa mai taron nan da ke amsa waƙa.

Mai Tsohon Faifai: A'a Hajiya, mai jita a ƙeya za a sa. Ni zan zaɓi faifan.