Tsohuwar kwamfutata ta ƙi ganin sabon faifan ajiya

Assalamu alaikum, masana. Ina da tsohuwar kwamfutar tebur, Pentium 4 mai Windows XP, da nake buga wa mutane takardu a nan Ƙofar Ƙaura, Katsina. Faifanta na 40GB ya cika maƙil, shi ne na sayo na 500GB, mai mahaɗi irin SATA. To madabod ɗin, wato babban allon cikin kwamfutar, mahaɗin IDE kaɗai ya sani, mai faffaɗar wayar nan, sai na haɗo da katin SATA mai cif ɗin VIA VT6421 na soka a ramin PCI.

Wuta na zuwa. In na ɗora hannu a kan faifan ina jin yana juyawa. Na sa direba, wato manhajar da ke sarrafa katin, Windows ta ga katin, amma faifan ko alamarsa babu, har cikin Disk Management, inda Windows ke jera faifai. Na canza waya, na canza rami, shiru.

Wani mai gyara ya ce katin 1.5Gb/s yake gudu, faifan ya fi shi sauri, sai an sa jampa, wato ɗan murfin da ke haɗa ƙusoshi biyu, a bayan faifan an rage saurin. Haka ne? A waɗanne ƙusoshi ake sawa? Kuma in kwamfutar ta ga faifan, iyakar nan ta 137GB, da wasu tsofaffin kwamfutoci ba sa ganin abin da ya wuce ta a faifai, za ta shafe ni?

Don Allah kar a ce in sayi sabuwa, aljihu ba nauyi.