Me za mu kira "kwadiratik" da Hausa?

1/ Salamu alaikum, 'yan'uwa malaman lissafi da duk mai kishin harshen nan. Na daɗe ina koyarwa a sakandare, kuma duk sanda muka iso darasin kwadiratik sai bakina ya rabu biyu: bayani da Hausa, suna da Turanci. Yaro ya gane bayanin sarai, amma sunan ya tsaya masa a maƙogwaro kamar ƙayar kifi. Ina so yau mu tsayar da kalma.

2/ Ga abin da ake magana a kai: x² + 10x = 39. Akwai lambar da ta ɓuya, an ninka ta da kanta, an ƙara mata ninkinta goma, jimla ta tashi 39. Wannan ninka lamba da kanta shi ne zuciyar darasin. Sunan da bai nuna shi ba bai yi aiki ba.

3/ Na ji wasu na cewa "lissafin huɗu". Wannan kam a ajiye shi. Asalin kalmar daga Latin ne, kuma siffar nan take nufi mai gefe huɗu daidai wa daida. Babu huɗu a cikin lissafin kansa. Ka faɗa wa yaro huɗu, zai zauna yana neman amsa huɗu ko x huɗu.

4/ Wani abokin aikina ya fi son "mai amsa biyu". Yana da daɗin faɗa, kuma sau da yawa gaskiya ne: x² = 9 yana karɓar 3, yana karɓar -3. To amma x² - 6x + 9 = 0 fa? Amsarsa 3 ce tilo. Shi kuwa x² + 1 = 0 ba shi da amsa ko ɗaya a cikin lambobin da muke koya wa yaran. Ba na son sunan da gobe zan dawo in ƙaryata a gaban allo.

5/ Wanda ya fi ba ni wahalar turewa shi ne "mai hawa biyu", saboda ƙaramar 2 ɗin da ke saman x. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke karatu da Faransanci da daraja ta biyu suka san shi, Larabawa ma suna faɗin haka. Yana da dangi kuma: hawa ɗaya, hawa biyu, hawa uku. Ban ƙi a riƙe shi a matsayin laƙabi ba. Sai dai yana gaya wa yaro matsayin abin ne kawai, bai nuna masa ƙofar shiga ba.

6/ Abin da nake kawowa shi ne DAIDAITON MURABBA'I. Daidaito, saboda alamar = sikeli ce, abin da ka yi wa hannun dama sai ka yi wa na hagu. Murabba'i kuwa ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Kullum a rediyo muna jin "murabba'in kilomita", masu awon fili ma da shi suke magana.

7/ Ga babban dalilina, ku ɗan yi haƙuri da tsawonsa. Misalin da na kawo a sama ba nawa ba ne. Na Muhammad bn Musa al-Khwarizmi ne, wanda ya yi aiki a Bagadaza ya rubuta littafinsa na al-jabr wajen shekarar 820, kuma daga sunan littafin aka samo kalmar aljabara. Shi ba ya rubuta x. Ninkin lamba da kanta yana kiransa mal, wato dukiya, lambar kuma jazr, wato saiwa. Sai ya ce dukiya da saiwa goma sun yi dirhami 39, ya warware da zane.

Ku ɗauki alli ku bi ni. Zana murabba'i, kowane gefe x. Raba goman nan biyu, biyar-biyar. Manna fili mai tsawon x da faɗin 5 a gefen dama, manna irinsa a ƙasa. Abin da ka zana yanzu girmansa 39 ne, amma dubi kusurwar can: akwai giɓi, 5 sau 5, wato 25. Cike giɓin. Yanzu kana da cikakken murabba'i mai girman 64, gefensa 8. Cire biyar ɗin da ka manna, saura 3. Gwada: 9 da 30 sun ba da 39.

Duk ranar da na yi wannan zanen, ajin kan yi tsit, sannan wani ya ce "au, ashe fili ne!" To fili ne. In sunan darasin ma murabba'i ne, yaron da ya manta dabara a ɗakin jarrabawa zai iya tunawa daga sunan kansa.

8/ Akwai amsa ta biyu da zanen ba ya nunawa. -8 ma in ka ninka shi da kansa 64 ne, don haka in ka cire biyar ɗin, x na iya zama -13. Al-Khwarizmi bai ƙidaya irin wannan amsa ba, kuma babu gonar da gefenta ya gaza sifili. Mu dai dole mu koyar da ita, saboda haka zanen mafari ne, sai a ɗora.

9/ In kun amince, sauran kalmomin za su biyo baya da kansu: x² ya zama murabba'in x, dabarar nan ta zama cike murabba'i, 8 kuma saiwar murabba'in 64. Na zaɓi saiwa a kan tushe domin tushe mun riga mun ba shi ayyuka da yawa.

10/ Na san za a ce murabba'i ma aro ne daga Larabci. Haka ne, kamar lissafi da sifili da alƙalami. Aron da ya kwana ya tashi a bakin mutane ya zama ɗan gida.

11/ Roƙona ga masu aji: gobe ku rubuta x² + 6x = 16 a allo, ku ce wa yara wannan daidaiton murabba'i ne, su cike giɓin. Amsa 2 ce da -8. Ku dawo nan ku faɗa mini ko sunan ya zauna a bakinsu, ko kuwa wata kalma suka ƙirƙiro da kansu.