Takardar tuƙa jirgin ruwa mai tafiya da iska: daga ina ake farawa?

Sabon Hannu: Assalamu alaikum malamai. Ina son takardar da za ta ba ni damar jagorantar jirgin iska a teku. Yaya matakan hukumar RYA ta Ingila, mai ba da takardun tuƙa jirgin ruwa, suke?

Tsohon Matuƙi: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Fara da Day Skipper, kwas na kwana 5 a kan ruwa bayan darasin aji. Mai nauyin ita ce Yachtmaster Offshore. Kafin jarrabawarta sai ka cika kwana 50 a teku da mil 2,500, har da tafiye-tafiye 5 da kowace ta wuce mil 60, biyu da kwana, biyu kai ne kyaftin. Rabin milolin dole a ruwan da ke cikowa yana janyewa, don haka na tekun Bahar Rum kaɗai ba za su isa ba. Rubuta komai a littafin tafiya.

Mai Taswira: Ƙari a kan bayanin Malam: sai da takardar rediyon VHF (rediyon da jirage ke magana da juna da shi) da ta taimakon gaggawa. Inda ake yawan faɗuwa a jarrabawar shi ne ɗauko wanda ya faɗa ruwa. Kuskuren shi ne a matso da gudu, jirgi ya ƙi tsayawa, a wuce mutumin. Haka fitilun jirage da dare, ka haddace su sarai.

Tsohon Matuƙi: Offshore iyakarta mil 150 daga tasha. Ƙetare teku kuwa sai Yachtmaster Ocean: tafiyar mil 600, aƙalla awa 96, da gano inda kake ta auna rana da sekstan (na'urar auna tsayin rana a sama), ba GPS.