Neman shawara: an ba ni sati uku in kwashe takardun bincikena, kwamfutar kuma ta cika

Ɗan Garin Malam:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ina rubuta memuwar ɗin masta a kan cinikin ayari a Damagaram, daga zamanin Sarki Tanimun zuwa shigowar Faransawa a 1899. Shekara biyu ke nan ina tara takardu cikin Zotero, manhajar tsara takardun bincike, sun kai jiga 13. Yawancinsu tsofaffin rahotanni ne da na ɗauka hoto da waya shafi-shafi na mai da su PDF, shi ya sa suke da nauyi haka, akwai guda ɗaya mai mega 400.

Fayilolin suna cikin OneDrive, ma'ajiyar intanet, na wata makaranta da na yi horo a can, Zotero yana nuna su ne kawai. Jiya saƙo ya zo cewa za a rufe asusun nan da sati uku. Ina so in mai da su Google Drive ɗina, amma jiga 6 kaɗai ya rage a kwamfutar. Daren jiya na zaɓi jakar gaba ɗaya na ce ta kwafa, ko rabi ba ta kai ba sandar C ta yi jawur, komai ya tsaya cak. Ya zan yi in kwashe su ba tare da Zotero ya ɓata hanyarsu ba? Shin in ɗauki jakar Zotero ɗungurungum in jefa cikin Drive in huta?

Malamar lissafi, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam ƙanena. Wannan na ƙarshe da ka faɗa, don Allah kada ka kuskura. A cikin jakar akwai zotero.sqlite, nan ne sunayen littattafanka, bayananka da duk layin da ka ja da launi suke. Drive da Dropbox suna taɓa fayil ɗin alhali Zotero na rubutu a ciki, sai ya lalace. Masu Zotero da kansu sun hana. Wannan ɓangaren ka bar shi inda yake, ka buɗe asusu a zotero.org ya daidaita shi, kyauta ne kuma ba shi da iyaka. Abin da ke da iyaka shi ne ajiyar fayiloli, mega 300.

Mai gyaran kwamfuta, bakin babbar kasuwa:
Malam, abin da ya cika maka C ɗin ga shi: takardun da kake gani da alamar gajimare ba sa cikin kwamfutar, sunansu ne kawai. Da ka ce a kwafa, sai kowace ta sauko tukuna. Yanzu danna jakar da hannun dama ka zaɓi Libérer de l'espace, wurinka zai dawo.

Ni a ganina ka sayi kile (USB) mai jiga 32, na kirki, ba irin wanda ake rubuta 64 a jiki ciki ko 8 babu ba. Ka sauke ƙaramar jaka ɗaya, ka kwafa ta kan kile, ka saki wurin, ka koma ta gaba. Kada abin da ka sauke a lokaci guda ya wuce jiga 3. In ka gama sai ka ɗora su Drive daga kile ta burauza. Kada ka bi ta manhajar Drive ta kwamfuta wajen ɗorawa, ita ma tana tara kaya a C kafin ta tura.

Injiniya na Birni:
Akwai hanyar da ba ta taɓa faifanka sam: manhajar rclone. Kyauta ne. Kana haɗa shi da asusun biyu, ka rubuta rclone copy, ya riƙa jawowa daga nan yana zubawa can, kamar mai miƙa bulo daga mota zuwa hannun magini. In wuta ta ɗauke ko intanet ta yanke, ka sake ba shi umarnin nan, zai tsallake waɗanda suka isa ya ci gaba. Amma copy za ka rubuta. Akwai sync, wanda ke goge duk abin da ya tarar a can wanda babu shi a nan, akwai move, wanda ke share na asali. Su biyun ka nisance su. Ka fara da --dry-run ka ga abin da zai yi kafin ya yi.

Malamar lissafi, Sabon Gari:
Injiniya, ka manta kuɗin forfe. Jiga 13 sauka, jiga 13 hawa, 26 ke nan, kuma duka ta layinsa za su bi ko da rclone ɗin ne. Ɗalibi ne fa. Ƙanena, ka nemi wifi, ko a jami'a ko ofishin wani ɗan uwa bayan an tashi aiki.

Injiniya na Birni:
Gaskiyarki Hajiya. Kuma asusun makarantu sau da yawa mai kula da su yana toshe manhajojin waje, in haka ne rclone ba zai shiga ba, sai hanyar kile ɗin.

Wani da ya yi sutanas bara:
Duk kun yi maganar ɗaukar kaya, ba wanda ya taɓa tambayarsa ta gaskiya, wato hanyar fayil. Ni nan na sha wuya. Na kwashe komai lafiya lau, na buɗe Zotero, kowace takarda na danna sai ya ce bai gan ta ba. Kwana huɗu ina nuna masa su ɗaya bayan ɗaya da hannu, saura wata guda in tsaya gaban malamai.

Yayana, bi wannan jerin kada ka sauya shi. Tun kafin ka motsa komai, shiga saitin Zotero, ɓangaren fayiloli da jakunkuna, akwai wurin da ake nuna masa uwar jakar fayilolin da aka haɗa. Nuna masa jakar OneDrive ɗin. Daga nan zai daina riƙe doguwar hanya mai farawa da C, ya riƙe abin da ke ƙarƙashin jakar kawai. Sannan ka kwashe, kuma kada ka sauya sunan ko jaka ɗaya, ko da ka ga kuskuren rubutu ya tsone maka ido. Sai ka tabbatar duka sun bayyana a sabon wuri, manhajar Drive tana nuna su ba tare da ta sauke ba, sannan ka koma saitin ka nuna sabuwar jakar. In ka riga ka sauya kafin fayilolin su iso, zai mayar da su kan tsohuwar hanya.

Kuma in wani ya ce maka ZotFile, wato ƙarin da ake sa wa Zotero don kwashe fayiloli zuwa wata jaka, ya tsaya tun fitowar Zotero 7 a 2024, ZotMoov ake amfani da shi yanzu.

Mai gyaran kwamfuta, bakin babbar kasuwa:
Jiga 15 ɗin Google fa ba na Drive kaɗai ba ne, da Gmail da hotuna ake rabawa. Duba abin da ka ci tukuna. In ya cika, wasiƙa ma ba za ta shigo maka ba.

Ɗan Garin Malam:
Allah ya saka da alheri. Na duba, hotunan bikin ƙanwata sun ci jiga 4, sai na kwashe su tukuna. rclone ya ƙi shiga, ya ce sai da izinin mai kula, don haka na sayi kile. Na saita uwar jakar, jaka biyar cikin goma sha ɗaya sun hau kile, na ƙirga fayilolin sun yi daidai. Tambaya ɗaya: in na gama, in goge na OneDrive da kaina ko in bar su su rufe?

Wani da ya yi sutanas bara:
Bar su. Buɗe takarda ashirin daga jaka daban-daban a sabon wurin, har da mai mega 400 ɗin, ka kai shafin ƙarshe. Kilen kuma kada ka ara wa kowa ya je buga takarda da shi.