'Yan ajina suna juya (x, y), kuma sun ce −7 ta fi −2 girma. Daga ina zan kamo?

Malama Mai Alli ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai. Shekarata ta biyu ke nan ina koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati a bayan garin Kano, bana kuma aka ba ni JSS 2, yara 74 a aji guda. Makon jiya muka shiga darasin giraf: layin x a kwance, layin y a tsaye, da yadda ake sa ɗigo idan an ba ka lambobi biyu a cikin baka. A gaban allo kowa ya ce ya gane. Ranar Alhamis na ba su ɗigo biyar su sa mini, (2, 5), (5, 2), (−3, 1), (0, 4) da (−2, −6). Da na zauna duba littattafan da daddare sai jikina ya yi sanyi.

Fiye da rabinsu sun sa (2, 5) a gurbin (5, 2). Wasu sun ɗora (0, 4) a kan layin kwance. Wasu kuma a tsakiyar akwati suke ɗiga biro, ba a inda layuka suka haɗu ba. Wadda ta fi tsaya mini a rai wata yarinya ce mai ƙoƙari sosai, ta rubuta −1 can ƙarshen hagu, ta biyo da −2, −3, har −5 ta zo ta jingina da sifili. Washegari na tambayi ajin, tsakanin −7 da −2 wacce ta fi girma? Baki ɗaya suka ce −7. "Ai bakwai ta fi biyu, Malama."

Littafin da muke amfani da shi da ma'aunin zafi yake misali, alhali yaran nan ko a tsakiyar hunturu ba su taɓa ganin sanyi ya kai sifili ba. Masu littafin giraf kuma ba su kai 20 ba. Mako biyu ya rage mini a tsarin darussan zango. In koma darasin JSS 1 ne, ko in ci gaba in riƙa gyarawa a hanya?

Tsohon Malami ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Ki koma baya, kada ki ji ɓacin lokaci. Giraf layin lambobi ne guda biyu aka gicciya, wanda bai riƙe guda ɗaya ba yaya zai riƙe biyu? Yarinyar nan da ta jera −1 a can ƙarshe ta gaya miki ciwon ajin duka. Ta saba ƙirga daga hagu zuwa dama tun firamare, ba a taɓa nuna mata cewa daga sifili ake tashi ba.

Shekara 31 na yi da alli a hannu, kuma rijiya ce ta fi yi mini aiki. Ki zana layin a tsaye tukuna. Bakin rijiya shi ne sifili, sama bishiya ce, ƙasa rami. Guga a gaba 2 cikin rijiya, wani gugan a gaba 7, wanne ya fi kusa da sama? Ba yaron da zai kasa amsa wannan. Sai ki ce musu wanda ya fi sama shi ya fi girma. Idan ya zauna, ki kwantar da layin, ramin ya koma hagu.

Daga nan ki shigo da bashi. Mai shago yana bin Audu naira 700, yana bin Sani naira 200, wa ya fi sauƙin hali? Wannan misali ya girme mu duka. Wani masani ɗan Indiya, Brahmagupta, tun shekarar 628 ya rubuta ƙa'idojin waɗannan lambobi, kuma dukiya da bashi ya kira su. Shi kuwa Descartes na Faransa, wanda ake kiran filin giraf da sunansa, sai 1637 ya fitar da nasa aikin. Shekara dubu ke tsakani, mu kuma muna so yaro ya haɗiye su a mako biyu.

Maganar juya lambobi kuwa, ga abin da nake ce musu: sai ka taka ka je gindin bishiya kafin ka hau. Lambar farko tafiya ce a ƙasa, ta biyu hawa ce, ko zura guga idan tana da mainos. To (0, 4) fa? Bishiyar a ƙofar gidanku take, ba tafiya, sai hawa.

Malama Mai Alli ta amsa:

Na gode ƙwarai Baba, Allah ya ƙara girma. Wallahi ban taɓa tunanin in fara da layin a tsaye ba. Rashin littafin giraf ɗin fa, Baba, yaya kuka yi da shi?

Tsohon Malami ya amsa:

Toka da igiya, 'yata. Ki fita da su fili.

Mushen Maraɗi (malamin makaranta daga Nijar) ya amsa:

Salamu alaikum. Baba ya riga ni, ni dai bayani zan ƙara. Nan wajenmu a kwalej, wato ƙaramar sakandare, da Faransanci muke koyarwa, amma kurakuran yaranmu su ne na naku, ba bambanci ko kaɗan.

Ni kan ja layi biyu da toka a filin lakwal, wato makaranta, kowane taku a aza dutse. Yaro ya tsaya a mahaɗa, in ce masa (−3, 2), ya yi taku uku hagu, biyu gaba. Sai in kira wani in ba shi (2, −3). Idan suka ga sun tsaya nesa da juna, ba sai na ce komai ba. Ki lura da abu guda, Malama: yara da yawa suna ƙirga inda suke tsaye a matsayin ɗaya. Ki sa ajin duka su yi ta ƙirga da ƙarfi, kada a ce "ɗaya" sai ƙafa ta sauka. Taku ake ƙirgawa, ba duwatsu ba.

Masu ɗiga biro a tsakiyar akwati kuwa, dara ce maganinsu. Gurabun dara 30 ne, jeri biyar sau shida, kuma kowane gurbi wuri ne tak, kamar ɗigo. Su haƙa abinsu a ƙasa, gurbin kusurwar hagu ta ƙasa ya zama (0, 0), a yi wasa, amma ba mai aza ɗa sai ya faɗi lambobin gurbin da baki. Na taɓa gwada hatimi, ganin cewa yaran da suka yi makarantar allo sun san shi, har na ba su labarin Muhammadu Alkashinawi, malamin Katsina da ya yi littafi a kan lissafin hatimi ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Labarin ya yi musu daɗi, amma darasin ya ɓaci, don a hatimi cikin gida ake rubuta lamba, sai na ƙara musu kuskuren da nike son cirewa.

Idan sun ƙware ki kai musu taswira. Kano tana wajen digiri 12 arewa da 8 da rabi gabas, Dakar tana wajen 17 yamma, wato −17, sifili da sifili kuma yana cikin teku kudu da Gana. Sai dai masu taswira arewa suke fara faɗi kafin gabas, akasin (x, y). Shi ya sa na ce sai sun ƙware.

Malama daga Zariya ta amsa:

'Yar'uwa, duk abin da aka faɗa na yarda da shi, amma bari in ja hankalinki kan bashi. Yana aiki a tarawa da debewa. Ranar da kika zo −2 sau −3 zai watsa miki ƙasa a ido, don wani yaro zai ce yaya bashi sau bashi zai zama riba, kuma gaskiyarsa. Ni a nan jeri nake rubuta musu: 3 × −2 = −6, 2 × −2 = −4, 1 × −2 = −2, 0 × −2 = 0. Sai in tambaya me amsar take yi. Su ce tana ƙaruwa da biyu-biyu. To −1 × −2 fa? Da bakinsu za su ce 2.

Na biyu, jarrabawar BECE da za su rubuta a JSS 3 da Turanci take zuwa. Ki yi bayani da Hausa har ya shiga, ni ma haka nake yi kuma ba na jin kunyarsa, amma kafin a tashi kowane suna ki rubuta na Turancinsa a gefen allo su kwafa. Na ga yaran da suka iya aikin sarai suka bar tambaya ba amsa saboda kalma ɗaya da ba su gane ba, abin ya daɗe yana damuna.

Littafin giraf kuma, guda ɗaya idan aka cire ƙusar tsakiya aka raba takardun zai ishi layi biyu na aji.

Malama Mai Alli ta dawo:

Na dawo da rahoto. Litinin da Talata rijiya da bashi muka yi. Laraba na roƙi toka wajen mai abincin makaranta, muka fita bayan aji da igiyar shanya. Na raba su gida huɗu saboda yawa, duk da haka sai da hayaniya ta fito da malamin ajin kusa, ya tsaya yana kallo, daga baya shi ya riƙe mini gida biyu.

Yarinyar nan na fara kira. Na ce (−5, 0). Ta tsaya a mahaɗa, ta yi taku biyar hagu tana ƙirgawa, ta waiwayo ta dubi sifili, ta ce, "Malama, ashe −1 ce maƙwabciyarsa." Da muka koma aji ita da kanta ta gyara shafinta.

Jiya na sake ba su ɗigo biyar ɗin nan. Yara 51 sun ci huɗu ko biyar. Har yanzu (0, 4) tana kayar da wasu, kuma akwai kamar goma da ko a fili sai sun kalli na kusa da su kafin su ɗaga ƙafa. Su zan zauna da su a lokacin tara. Mushe, a darar nan, idan yaro ya faɗi lambobi ba daidai ba, kana bari ya gyara ne ko wasan ya wuce shi?